Motar Baba ta fito bayan shekara 30

1/ Jama'a, yau da misalin ƙarfe 11 na safe na ɗaura wa motar mahaifina sabuwar lamba. Datsun 260Z ce, ƙirar 1974. Rabonta da hawa titi tun 1994, ni kuwa a 1995 aka haife ni. Wato sai da na kusa shekara 30 a duniya kafin na ji kukanta. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Masu tambayar nawa na kashe, za mu zo wurin. Amma tun yanzu in gaya muku, injin ne abu mafi sauƙi a duk aikin nan. Abubuwan da suka kusa kayar da ni uku ne: rabon gado, katangar maƙwabci, da takarda.

3/ Gidanmu yana cikin birnin Zariya, cikin ganuwa, ba nisa da Babban Dodo. Jikin zaure akwai wani ɗaki mai ƙofar langa-langa, shi muke kira gareji. A nan na buɗe ido na gan ta: an rufe ta da tamfol, tayoyi sun zauna, kaji na saka ƙwai a kujerar direba. Mu yara mu shiga mu yi ta murza sitiyari, muna zuwa Kano da baki.

4/ Yadda ta zo gidan: a 1975 gwamnatin Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashin nan da ake kira Udoji, har da ariyas. Abokan aikin Baba a Samaru kowa ya sayi abin da mai hankali ke saya, Fijo 504, Bitil ko Vespa. Baba ya riƙe nasa. A 1976 wani Bature malamin jami'a zai koma gida, ya sa motarsa a kasuwa. Baba ya ciwo bashi ya cika, ya saya.

5/ Matsalar ita ce kujera biyu gare ta. Biyu rak. Ga mutum mai mata da 'ya'ya uku a lokacin, ga iyaye, ga ƙanne. An ce kakanmu ya zagaya ta sau ɗaya, ya leƙa ciki, ya ce: "To ita wannan, a ina ake sa mutane?" Har ya rasu bai shige ta ba.

6/ Ga waɗanda ba su san ta ba: kamfanin Nissan ne ya ƙera ta, lokacin da yake sayar da motocinsa a ƙasashen waje da sunan Datsun. A Japan sunanta Fairlady Z. Ta farko a gidansu, 240Z, ta fito a 1969. Ita ce ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da 1973, cikin laka da ƙura. Tamu ƙanwarta ce.

7/ Silinda shida a jere, lita 2.6, kafireta biyu ƙirar Hitachi. Dogon hanci, gajeren baya, in ka zauna ciki kamar a tabarma kake. Babu kwamfuta ko ɗaya a jikinta. Duk abin da ke damunta, ko ka gan shi da ido, ko ka ji shi da kunne, ko hanci ya gaya maka.

8/ A 1994, lokacin wahalar man nan, Baba ya sa ta gareji ya ce sai mai ya samu. Mai ya samu, batir ya mutu. Aka ce sai ƙarshen wata, sai ga kuɗin makaranta, sai ga aurar da 'ya'ya. Kun san yadda "gobe" take zama shekara 27. Baba ya rasu a 2021. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan naku da suka riga mu.

9/ GADO. Mu 11 ne, maza 5 mata 6, ga iyayenmu mata biyu. Da aka zo lissafin dukiya, malamin da ke rabo ya ce, "Motar fa?" Kowa ya yi dariya. Aka kira 'yan gwangwan. Suka ƙwanƙwasa jikinta suka ce naira 150,000, kuma a nan cikin garejin za su yanka ta, su fitar da ita gunduwa-gunduwa.

10/ Kalmar "yanka" ɗin nan ce ta tsaya mini a wuya. Na ce a sa mini ita a kasona. Nan take aka amince, har ana tsokanata wai auta ya zaɓi akurkin kaji. Na koma ɗaki ina jin na yi dabara. Kwana huɗu kacal na yi da wannan farin cikin.

11/ Ɗan babban yayanmu ya shiga intanet ya buga sunan motar. Ya ga a Amurka da Turai ana sayar da masu kyan cikinsu dubun-dubatar daloli. Ya tura hoton a zauren WhatsApp na gida. Kowa ya gani, babu wanda ya ce uffan. Wallahi da zagina aka yi da ya fi mini sauƙi.

12/ Bayan isha'i Yaya ya kira ni zaure. Ya ce, "Auta, tsakaninka da Allah, ka san darajarta kafin ka ce a ba ka?" Gaskiyar magana na sani. Ban yi niyyar sayarwa ba, amma na sani, kuma na yi shiru. A cikin magadan akwai yayyena mata da ke fama da kuɗin haya. Na kasa ɗaga kai.

13/ Muka warware rabon motar. Aka kira mutum uku da suka san harkar, makanike, fanabita da dilan mota, suka yi mata kuɗi yadda take a ranar, da kashin kajinta da komai, ba yadda take a hoton Amurka ba. Suka tsaya a naira 600,000. Na biya kowa kasonsa cikin wata 8.

14/ Sannan muka rubuta yarjejeniya gaban shaidu: duk ranar da na sayar da ita, a cire abin da na kashe, ragowar a raba bisa gado. Kowa ya sa hannu, iyayenmu suka dangwala yatsa. Shawarata ta farko ke nan: kar ka kwance ko noti ɗaya a motar gado kafin ka yi irin wannan takardar. Tsatsa ta fi gaba da 'yan'uwa sauƙin magani.

15/ KATANGA. A 1976 mota na shiga lungunmu har ƙofar gida. Cikin shekarun nan kowa ya ɗan ciyo hanya: wannan ya fito da dakali, wancan ya yi shago, maƙwabcinmu ya ja katangar bulo. Da na auna da igiya, faɗin motar ya fi bakin lungun da taƙi guda. Keke Napep ma da dabara yake shiga.

16/ Sau uku ina zuwa wurin Alhaji maƙwabcinmu ina durƙusawa. Ya ce, "Ɗana, katangata za ka rushe saboda tsohon kwano?" Sai da mai unguwa ya sa baki. Sharaɗi: in sauke kusurwar, in mayar da ita cikin kwana biyu da bulona da simintina, in kuma biya kuɗin fenti. Na ce na yarda, Baba.

17/ Ranar fitarwa tayoyin baya suka ƙi juyawa, birki ya kame. Muka ɗaga da jak muka bubbuga har ya saki. Samarin unguwa suka turo ta, yara na bi da ihu. Da ta zo wuce Alhaji sai na ji ya ce a hankali: "A cikinta mahaifinka ya kai maiɗakina asibiti ranar haihuwar ɗan farinmu. Ni ina bin su a keke." Bai karɓi kuɗin fentin ba.

18/ INJI. Garejin farko da na kai ta, yaron ya ɗauko na'urar nan da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, ya yi ta neman inda zai soka. Babu. Ba laifinsa ba ne, a kan Corolla da Civic ya koyi aiki. Shi ya ce in nemi wani dattijo a Tudun Wada da ya yi zamanin Datsun.

19/ Na same shi a kan benci, ya haura 70, ya bar wa 'ya'yansa garejin. Ina cewa 260Z sai ya ɗago kai. Ya faɗi launinta, ruwan lemo, ya faɗi sunan Baba, ban gaya masa ko ɗaya ba. Ya ce, "Ni na canza mata kuloci a zamanin Shagari. Yaro, tana nan da ranta?"

20/ Ni da rawar jiki na zo da sabon batir a tayar. Ya ce in ka murza makullin nan yau, ka kashe ta. Injin da ya kusa shekara 30 a kwance, ringi sun manne da jikin silinda. Ya cire fulogi shida, ya zuba baƙin mai haɗe da kananzir a kowane rami, ya ce mu haɗu bayan mako guda.

21/ Bayan mako ya sa doguwar sifana a fulin gaban inji ya fara lallashi, gaba kaɗan, baya kaɗan. Ranar farko ko gezau. Kullum ya ƙara mai ya gwada. A rana ta tara ta juya. Dattijo ya ce "Alhamdu lillahi," ya ɗauki buta ya tafi la'asar kamar babu abin da ya faru. Ni kuwa hannuna rawa yake.

22/ Sai aka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Tsohon fetur ya daskare a tanki ya zama kamar ƙaro, sai da aka sauke aka wanke. Duk wata roba a jikinta ta mutu: tiyon mai, tiyon lagireto, fanbel, robobin birki. Ɓeraye sun yi walima da wayoyi, mai riwaya ya yi kwana 11 yana bin su.

23/ Babbar abokiyar gabar waɗannan motocin tsatsa ce. Bodinsu da shasinsu a haɗe suke, in ƙasa ya ruɓe motar ta tafi. In za ku duba irinta, ku fara da ƙarƙashin batir, daɓen da ake ɗora ƙafa, ramin safaya, da bakin ƙofar baya. Mu ɗakin ya kare ta. Inda rufi ke yoyo ne kawai ta ci, gefen fasinja.

24/ Fanabita ya so ya cike ramin da abin nan da suke kira fila, ya shafe, ya fesa fenti. Dattijo ya hana. Ya ce wannan kwalliyar damina biyu ce. Aka yanke ruɓaɓɓen wurin, aka sayo farantin ƙarfe, aka buga shi da guduma har ya ɗauki siffa, aka yi walda. Ya fi tsada, ya fi jinkiri, amma ƙafarka ba za ta taɓa kwalta ba.

25/ Kayan gyara fa? Injin ɗan dangin L ne, irin wanda Nissan ta sa wa Laurel da Cedric da tsohuwar Patrol, don haka wasu sun samu a gida. Fulogi da kwantak a Sabon Gari. Lagireto a Panteka ta Kaduna aka sake masa ciki. A Ƙofar Ruwa ta Kano wani tsoho ya zaro mini gaskit daga ƙasan shago, kwalinsa har ya yi ja don daɗewa.

26/ Kayan cikin kafireta, robar gilashi da fitilar baya ɗaya kuwa sai daga waje, da dala. Ina tsaka da haka aka cire tallafin mai a Mayun 2023, naira ta bi bayansa ta zube. Aikin da na yi wa lissafin wata 6 ya doshi shekara 2. Sau biyu ina dakatarwa. Sau ɗaya sai da na sayar da babur ɗina.

27/ Fabrairun 2024, da safe, ga hazo. Dattijo ya jera wayoyin fulogi yana biyawa da baki kamar karatun allo: 1-5-3-6-2-4. Ya ɗiga mai a kan kowace kafireta, ya ce murza. Ta yi tari. Ta sake yi. A na uku ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe garejin, masu walda suka ajiye aiki suka taho.

28/ Na ɗauki sautin a waya na ruga gida. Innata amarya ce, ta zo gidan motar na dab da kwanciya. Don haka ɗakin Hajiya Babba na nufa, uwargidan Baba, wadda idonta ya yi rauni sosai yanzu. Na ce, "Hajiya, saurari." Na zaci kuka za ta yi. Ta kasa kunne, ta ce: "Auta, ba haka take yi ba. Wannan ɗingishi take."

29/ Na ce Hajiya, shekara 30 fa. Ta ce, "Ni da na yi shekara 18 ina sauraren ta daga cikin gida? Tun tana kwana a bakin titi nake sanin Malam ya dawo, in tashi in zuba abinci. Shigarta ban fi sau biyar ba. Amma muryarta, ba wanda zai gaya mini."

30/ Na koma na ba dattijo labari ina dariya. Shi bai yi ba. Ya yanko guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan a bakin kafiretar gaba, sannan ta baya. Ya ce, "Hajiya ta yi gaskiya, ta baya ta fi zuƙar iska." Kowace kafireta silinda uku take ciyarwa. In ba su zuƙa daidai ba, injin sai ya riƙa ɗingishi.

31/ Ya yi ta juya sukurori yana saurare har hucin biyun ya zama ɗaya. Na sake ɗauka na kai mata. Ta yi shiru har sautin ya ƙare, ta ce in maimaita. Sau uku. Sannan ta ce, "Ita ce," ta juya fuskarta bango. Na ja mata labule na fito.

32/ TAKARDA. Mota ta tashi, amma a wurin hukuma babu ita. Takardun Baba a aljihun motar suke, gara ta mayar da su ƙasa. Lambarta tsohuwa ce mai farawa da KD, irin ta kafin 1992. Daga nan an canza tsarin lamba, an kuma sake canzawa a 2011. Ba ta cikin kwamfutar kowa.

33/ Wani ɗan kamasho a bakin wani ofis ya ja ni gefe, ya ce in kawo kuɗi, cikin kwana uku zai fito mini da takardu "masu kyau", da lambar shasin wata motar. Ba zan yi muku ƙarya ba, na kwana ina tunani. Amma takardar da lambarta ta saɓa da ta jikin mota, ranar da aka tare ka, kai ne ɓarawon motar ubanka.

34/ Na bi doguwar hanya. Na fara da lambar shasi. An buga ta a jikin ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, tamu ta fara da RLS30. Na goge da buroshi, na ɗauki hoto, na kwafe ta injin ma. Gargaɗi: kar ka bari mai walda ko mai fenti ya kusanci wurin nan. In ta shafe, ba ka da hujja.

35/ Saura shaidar cewa ta taɓa yin rajista a ƙasar nan. Mun birkice gida, babu. Sai Hajiya Babba ta ce a sauko mata da adakarta. Can ƙarƙashin zannuwan aurenta ga lasin motar na 1993, ga rasiɗin da Baturen ya rubuta wa Baba da hannu a 1976. Ta ce, "Ajiya ya ba ni. Ba wanda ya taɓa tambayata."

36/ Da su na haɗa takardar rabon gado daga kotun shari'a, yarjejeniyarmu, takardar rantsuwa kan ɓatan takardu, da rahoton 'yan sanda. Sannan ofishin rajistar motoci. Sannan VIO su duba lafiyarta: birki, fitila, sigina, hon, taya. Sai inshora, wadda mafi ƙaranci ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023.

37/ A wani tebur matashin jami'i ya ce, "Datsun? 'Yar Caina ce?" Ogansa, mai furfura, ya taso da kansa ya fito waje, ya buɗe bonet, ya kwatanta lambar shasi da lasin 1993 harafi bayan harafi. Wata 5 na yi ina zirga-zirga, ban ba kowa na goro ba sai kuɗin da ke da rasiɗi. Yau lamba ta fito, farkonta ZAR.

38/ Ga masu mafarkin shigo da Skyline ko Supra daga Japan, a yi hattara. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilun 1972, kuma ƙa'idar hanya ta hana rajistar mota mai sitiyari a dama, irin ta cikin Japan. Ga kuma iyakar shekarun motar da kwastan ke bari a shigo da ita.

39/ Wato tsofaffin da za mu iya ceta su ne waɗanda suka riga suka shigo tun zamanin iyayenmu. Suna nan a gareji, a bayan gida, a gindin mangwaro, Celica da Datsun da Mazda. Kuma 'yan gwangwan na zagayawa kullum da ma'auninsu. Su kilo suke saya.

40/ Nawa na kashe? Ya ishe ni sayen ƙaramar mota 'yar Kwatano mai kujera biyar da sanyi. Ga shan mai kamar raƙumi ya ga rijiya, don haka ranar Juma'a kawai za ta riƙa fita. Kuma ba ta koma lungu ba, na kama mata wuri a wajen ganuwa, tunda katangar Alhaji ta koma mazauninta.

41/ Abin da ya fi damuna dattijon nan ne. 'Ya'yansa ba su iya saita kafireta da kunne ba, kuma ba su da dalilin koya. Yanzu duk Asabar ina gabansa da tiyo a kunne. Har yau ban iya bambance hucin ba. Ya ce kiɗa ya cika mini kunne, amma in ci gaba da zuwa.

42/ Ɗazu bayan la'asar na yi fitar farko. Kujera ɗaya ce ta rage, mutum 12 ke da haƙƙi a kanta. Yaya ya ce a fara da Hajiya. Jikoki suka riƙo ta har bakin titi. Muka fita ta Ƙofar Doka, a hankali, ina lallaɓawa a giya ta biyu. Ta ce, "Mahaifinku ba haka yake tuƙi ba. Taka mana."

43/ Na taka.

Gobe layin Inna ne, jibi Yaya, gata Alhaji maƙwabci, ya ce wannan karon ba zai bi a keke ba. In akwai tsohuwar mota a gidanku, kafin ku kira makanike, ku zauna da 'yan'uwa, ku tambayi tsofaffin gidan ina takardunta. Ku sa Baba a addu'a.